Idan Ganyen Hoya Ya Canza Launi, a Fara Leƙa Cikin Tukunya

Da ganye ɗaya abin yakan fara. Na ƙasa-ƙasa, kusa da bakin tukunya, wanda makon jiya yake kore shar yana sheƙi, yau an wayi gari ya koma rawaya. Mai shukar, da yake kuɗi ya sa ya saye ta, sai hankalinsa ya tashi, ya ɗauko buta ya ƙara mata ruwa. Ganye na biyu ya bi sahu, sai ya barbaɗa taki. Da na uku ya faɗo, sai a nufi shagon maganin ƙwari. Sau da yawa waɗannan matakai ne ke ƙarasa hoya, ba abin da ya fara taɓa ta ba.

Hoya fulawa ce mai yaɗo, mai kaurin ganye, wadda ake ajiyewa a falo ko a bakin taga saboda kyan ganyenta da furenta da ke fitowa a dunƙule, kowane ɗaya da tsini biyar. Asalinta dazuzzukan Asiya ne masu yawan ruwan sama: Indiya, kudancin Sin, Tailan, Malesiya, Filifin, Indonesiya, har zuwa arewacin Ostireliya. Nau'o'inta sun haura 500. A shekarar 1810 ne masanin tsirrai Robert Brown, ɗan Sikotilan, ya raɗa mata suna don girmama Thomas Hoy, mai kula da lambun gidan Syon da ke gefen kogin Thames a yammacin Landan. Duk da wannan nisa, ba bare ba ce sosai ga Bahaushe, domin danginsu ɗaya da tumfafiya da yaɗiya da ƙariya. Wanda ya taɓa ƙura wa furen tumfafiya ido zai gane kamannin, kuma yawancin nau'o'in hoya idan aka karya su farin ruwa suke fitarwa, irin na tumfafiyar.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai neman gane ciwonta shi ne inda take zama a daji. Mafi yawan hoya ba a ƙasa suke rayuwa ba, a jikin bishiya suke. Ba kuma irin zaman kauci ba, wanda ke soka saiwarsa cikin reshe yana tsotsar abincin bishiyar. Hoya wurin kamawa kawai take nema. Saiwarta na maƙale a tsagar ɓawo, cikin ɗan ruɓaɓɓen ganyen da ya taru, ruwan sama ya jiƙa ta, iska ta busar da ita, haske kuma ya iso mata ta tsakanin rassa. Binciken da aka yi a kan nau'in Hoya carnosa ya nuna tana buɗe ƙofofin numfashin ganyenta da dare don rage asarar ruwa, kuma idan fari ya tsananta takan rufe su dare da rana, ta jira, ta farfaɗo bayan ta sami ruwa. Shukar da aka halitta da wannan dabara tana jure ƙishi. Abin da ba ta da makamin yaƙarsa shi ne zama cikin laka.

Launin da ba ciwo ba ne

Kafin a zargi kowace cuta, akwai launukan da ya kamata a ƙyale. Hoya pubicalyx na da ɗige-ɗige masu launin azurfa a saman ganyenta, waɗanda sabon mai shuka kan ɗauka funfuna ce ko ƙura, har ya yi ta gogewa. Halittarta ce. Daga cikin 'ya'yan carnosa, wadda ake sayarwa da sunan Krimson Queen farin gefe gare ta, wani lokaci da ruwan hoda, ita kuwa Krimson Princess tsakiyar ganyenta ne fari-fari, gefen kore. Wani lokaci Queen takan fitar da ganye fari fat. Irin wannan ganyen ba shi da sinadarin da ke sarrafa haske ya zama abinci, don haka ba ya daɗewa yake bushewa ya koma ruwan ƙasa, komai kulawar da aka ba shi.

Sabon toho a nau'o'i da yawa da ja ko shunayya yake fitowa, sannan ya yi kore idan ya ƙosa. Haka kuma idan haske ya yi ƙarfi, nau'o'i irin su Hoya obscura da Hoya wayetii sukan yi ja ko duhun gefe. Wannan jan na sinadarin antosayanin ne, dangin wanda ke ba zoɓo launinsa, kuma shukar na samar da shi ne don kare ganye daga rana. Masu tara hoya ma da gangan suke matsar da ita kusa da haske don ta yi jan, saboda ta fi ɗaukar ido.

Tsohon ganye ɗaya da ya yi rawaya ya faɗi a gindin kara, sauran kuma na nan da ƙwarinsu, tsufa ne kawai.

Rawaya, da abin da ke ƙarƙashinta

Inda ake shan wahala shi ne idan ganye da yawa suka yi rawaya kusan lokaci guda, suka yi laushi, suna zubowa da an taɓa su. A nan wanda ake fara tuhuma shi ne ruwa. Saiwa na buƙatar iska kamar yadda ganye ke buƙata. Idan ƙasar tukunya ta daɗe a jiƙe, ruwa ya cike duk guraben iska, sai ƙananan saiwoyi su shaƙe su mutu, ƙwayoyin cutar da ke son danshi, irin su Pythium da Phytophthora, su sami ƙofa. Daga nan shukar ba ta iya shan ruwa ko da tana tsaye a cikinsa.

A nan ne tarkon yake. Ganyen hoya mai ƙishi yakan yamutse, ya yi sirara, ya lanƙwasu cikin sauƙi. Ganyen hoyar da saiwarta ta ruɓe ma haka yake yi, domin shi ma ruwa ba ya isa gare shi. Alama ɗaya, dalilai biyu kishiyoyin juna, kuma maganin ɗaya guba ne ga ɗayan. Ido kaɗai ba ya raba gardamar, sai an taɓa ƙasa. Tsinken tsire mai tsabta ya isa: a soka shi har gindin tukunya, a ɗan bar shi, a zaro. Idan ya fito a bushe, tukunyar kuma ba nauyi, ƙishi ne. A ba ta ruwa har ya zubo ta ƙasa, ganyen zai cika ya miƙe cikin 'yan kwanaki. Idan kuwa tsinken ya fito da danshi da ƙasa manne a jikinsa alhali ganye na yamutse, to babu sauran jira, a kife tukunyar a duba saiwa.

Lafiyayyar saiwa fara ce ko mai ɗan duhu, tana da ƙwari, idan aka ja ta a hankali ba ta sakin jiki. Ruɓaɓɓiya kuwa baƙa ce ko ruwan ƙasa, ta yi taushi, wani lokaci da wari, kuma da an ja ta sai fatar ta sulle ta bar wani siririn zare. Duk wadda ta yi haka ta mutu. A yanke ta da almakashi ko reza da aka goge da sifirit, a kakkaɓe tsohuwar ƙasar gaba ɗaya, a bar shukar ta sha iska na 'yan sa'o'i, sannan a mayar da ita cikin sabon haɗi a tukunyar da ba ta fi girman saiwar da ta rage ba. Kada a yi saurin ba ta ruwa, taki kuma a jingine shi sai an ga sabon toho.

Batun ƙasar da girman tukunyar ya cancanci a tsaya a kansa, don a nan kuskuren yakan samo asali tun ranar saye. Masu sayar da fulawa a bakin titunan Abuja, Kaduna ko Kano galibi baƙar ƙasa suke haɗawa da takin shanu su cika baƙar leda. Wannan haɗin yana yi wa itatuwan tsakar gida da ke shan rana da iska daidai. A cikin ɗaki, inda ba rana ba iska, yakan daɗe bai bushe ba, ya kuma daskare. Hoya haɗi mai gurabe take so: gutsattsarin ɓawon itace ko ɓawon kwakwa, gawayi da aka farfasa aka wanke, tsakuwa mara nauyi ko yashi mai manyan ƙwayoyi, da ɗan takin ganye kaɗan. Ma'auninsa mai sauƙi ne: idan aka zuba ruwa ya wuce nan take ya fito ta ƙasa, ya yi, idan ya kwanta a sama yana nutsewa a hankali, bai yi ba. Tukunyar yumɓu ta fi ta roba saurin bushewa, abin da ke taimakon mai yawan ban ruwa. Tukunyar ado mara huji a gindi, komai kyanta, ba wurin shuka hoya ba ce. Sai dai a saka mai hujin a cikinta, a riƙa zubar da ruwan da ya taru. Babbar tukunya kuma ba gata ba ce, domin ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba ruwa kawai take riƙewa.

Sai dai ba duk hoya ce ke son a bar ta ta bushe ƙarƙaf ba. Masu siraran ganye, irin su Hoya bella da Hoya multiflora, ba su da wurin ajiyar ruwa kamar carnosa ko Hoya kerrii, kuma idan aka yi musu horon ƙishi sai su yi rawaya su zubar da ganye. Kaurin ganyen shi ke faɗa wa mutum yawan jiran da shukar za ta iya yi. Shi ya sa ban ruwa bisa kalanda, a ce kowace Juma'a, ba ya aiki: tukunyar da ke bushewa da sauri a bazara za ta iya daɗewa a jiƙe a tsakiyar damina.

Akwai wata alamar yawan ruwa da ake yawan ɗauka ƙwari ne: ƙananan ƙuraje a ƙarƙashin ganye, da farko kamar ruwa ya kwanta a ciki, daga baya su yi ruwan ƙasa su yi kaushi. Saiwa ce ta sha fiye da abin da ganye zai iya fitarwa, har wasu ƙwayoyin jikinsa suka fashe. Ba ya yaɗuwa, ba ya buƙatar feshi. A rage ruwa, a ƙara haske da iska.

Idan saiwa lafiya lau take amma rawayar na nan, sai a duba a kan wane ganye ta sauka. Naitirojin da magnisiyam sinadarai ne da shuka ke iya kwashewa daga tsohon ganye ta kai wa sabo, don haka ƙarancinsu a tsofaffin ganye yake fara bayyana. Na naitirojin, ganyen gaba ɗaya ke koɗewa. Na magnisiyam, tsakanin jijiyoyi ne ke yin rawaya, jijiyoyin su tsaya kore. Sinadarin ƙarfe kuwa ba ya tashi daga inda ya zauna, shi ya sa ƙarancinsa a sabon toho ake ganinsa, ganye fari-fari da korayen jijiyoyi. Sau da yawa ma ƙarfen na nan cikin ƙasar, ruwa mai yawan sinadarin farar ƙasa ne ya hana saiwa ɗaukarsa. Gidan da ruwan rijiyar burtsatsensa ke barin farin daskararren abu a gindin butar shayi, zai bar irinsa a bakin tukunyar fulawa da kan ganye. Ruwan sama da aka tara ya fi dacewa da hoya.

Takin ruwa da aka tsarma zuwa rabin abin da aka rubuta a jikin kwalba, sau ɗaya a wata a lokacin da take girma, ya wadatar. Yuriya da NPK na gonar masara ba na wannan tukunya ba ne. Ɗan barbaɗi kaɗan zai iya ƙona saiwa, bakin ganye ya bushe ya yi ruwan ƙasa. Idan hakan ta faru, ko aka ga farin gishiri a saman ƙasa, a ɗauki tukunyar zuwa waje a yi ta zuba mata ruwa mai tsabta yana wucewa har ya wanke shi.

Rana, esi da hunturu

Ƙunar rana ba ta ɓuya. Tabon fari ne ko ruwan toka, daga baya ya bushe ya yi ƙamas, kuma a ɓangaren da ke fuskantar taga kaɗai yake, ganyen da ke bayansa ba abin da ya same shi. Yawanci bayan an canza wa shukar wuri yake faruwa, an ɗauko ta daga lungun falo an ajiye a rana kai-tsaye. Tagar gabas, mai ranar safe, ita ce wurinta. Tagar yamma a Sakkwato, Maiduguri ko Yamai cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sai da labule mai shara-shara a tsakani. Ƙarancin haske kuma nasa salon daban: ganye ya yi ƙanana, tazarar da ke tsakaninsu ta yi tsawo, fure ya ƙi fitowa, ƙasa ta ƙi bushewa, a sake komawa matsalar saiwa.

Sanyi ƙasa da digiri 10 yana yi wa yawancin hoya illa, ganye ya yi duhu kamar an jiƙa shi, ya yi baƙi ya faɗi. Mazauna Ingila ko Amurka sukan gamu da wannan idan ganye ya jingina da gilashin taga a lokacin sanyi, mazauna Jos kuma su kula da wadda aka bari a baranda cikin daren Disamba da Janairu. A sauran garuruwa esi ne ke wannan aikin, idan aka ajiye tukunya daidai inda iskarsa ke bugawa. Hunturu kuma na zuwa da busasshiyar iska da ƙura. Ƙurar na dusar da ganye ta tare haske, a goge ta da tsumma mai danshi. Busasshiyar iskar ita ce ke buɗe wa wasu baƙi ƙofa.

Masu tsotso

Babban abokin gabar hoya wani farin ƙwaro ne mai laushin jiki da ke taruwa a hammatar ganye da ƙarƙashinsa, a gan shi kamar ɓurɓushin auduga. Tsotsar ruwan shuka yake yi, ganye ya yi rawaya, toho ya tsaya. Ya fi samun mafaka a nau'in Compacta mai nannaɗaɗɗen ganye, inda yake shigewa lungun da ido ba ya kaiwa. Yana da ɗan'uwa da ke zama cikin ƙasa a jikin saiwa, wanda sai an zare shukar ake ganin farin garinsa a bangon tukunya. Akwai kuma masu ɓawo, da ke manne wa kara kamar ƙananan ƙuraje masu ruwan ƙasa, farce na ɓamɓare su. Darɓa ma na zuwa, musamman wata rawaya mai baƙaƙen ƙafafu, wadda ita ce dai ake gani cunkushe a kan tohon tumfafiya. Dangantakar nan ta sa abincinsu ɗaya.

Yawancin waɗannan suna fitar da wani ruwa mai zaƙi da danƙo. Shi ke jawo kiyashi, kuma a kansa baƙar funfuna ke tsirowa ta rufe ganye. Ganin kiyashi na hawa da sauka a jikin hoya dalili ne na juya ganye a duba. Baƙin da ya fita da aka goge shi da jiƙaƙƙen tsumma ba ciwon ganyen ba ne, a kansa kawai yake zaune. Wani lokaci ma ba ƙwari ba ne, zumar furen ce ta ɗiga. Ta Hoya kerrii mai duhun ja ce, tana ɓata ganye da abin da ke ƙarƙashin tukunya.

Maganin yana farawa da ware shukar daga sauran. A jiƙa auduga da sifirit a bi ƙwarin ɗaya bayan ɗaya, a wanke ganyen sama da ƙasa, sannan a fesa ruwan sabulu mara ƙarfi ko man darbejiya da aka tsarma. Garin sabulun wanki na ƙona ganye. A fara gwadawa a ganye ɗaya, a yi feshin da yamma ba cikin rana ba, a kuma maimaita kowane mako har tsawon wata guda ko fiye, domin feshin farko ba ya kashe ƙwai. Masu cewa magani bai yi aiki ba, yawanci sau ɗaya suka fesa suka ajiye.

Waɗanda suka fi wuyar ganewa su ne ƙananan dangin gizo-gizo. Ja-ja ɗin da manoman tumatir suka sani yana son zafi da bushewa, yana barin ɗige-ɗigen rawaya ƙanana da siririyar yana. Ɗaya dangin, Brevipalpus, ba ya yin yana, kuma bai kai rabin milimita ba, sai da gilashin ƙara girma ake ganinsa. Aikinsa ake gani: ƙarƙashin ganye da kara su yi kaushi da ruwan ƙasa, sabon toho ya bushe tun bai buɗe ba, shukar ta yi watanni a tsaye ba ci gaba. Masu shuka hoya da maganin farar wuta suke yaƙarsa. Sharaɗi biyu gare shi: ba a fesa shi cikin tsananin zafi, ba a kuma haɗa shi da mai ko a fesa shi kusa da lokacin da aka fesa mai, don haɗuwarsu na ƙona ganye.

Tabo mai zobe

Tabon funfuna ko na bakteriya yakan zama zagayayye, baƙi ko ruwan ƙasa, sau da yawa da rawayar da'ira a kewaye, yana faɗaɗa yana tsallakawa zuwa wani ganye. Ruwan da ke kwana a kan ganye da ɗaki mara iska ke rainonsa, shi ya sa al'adar fesa wa hoya ruwa kullum da dare ta fi kusa da cutarwa. A cire ganyen da ya kamu a jefar da shi nesa, a riƙa zuba ruwa a gindi, a raba tukwane da juna. Maganin funfuna yana kare ganyen da bai kamu ba ne, ba ya goge tabon da ya riga ya fito.

Bairos ita ce ba ta da magani. Alamarta zobba masu rawaya ko dabbare-dabbaren kore mai haske da mai duhu, wani lokaci da murɗewar ganye. Masu bincike a jihar Florida ta Amurka sun gano wata bairos a jikin hoya, 'yar dangin wadda ke kama taba, kuma irin wannan dangi ta hannu da wuƙar yanka yake yaɗuwa. Ɗakin gwaji ne kaɗai ke iya tabbatar da ita, amma shukar da ake zargi ba a ɗaukar iri daga jikinta, ba a kuma barin ta cikin sauran.

Idan ruɓa ta riga ta hau kara, ba a rasa shukar duka ba tukuna. A yi ta yanka ana hawa sama har a iske wuri mai rai, a fitar da guntaye masu gaɓa ɗaya ko biyu da ganyensu, a sa gaɓar cikin ruwa mai tsabta ko haɗi mai ɗan danshi, saiwa za ta fito cikin 'yan makonni. Gaɓar ce jigo. Hoya kerrii, mai ganye da siffar zuciya, wadda aka sa wa sunan likita ɗan Ailan Arthur Kerr a 1911 bayan ya samo ta a arewacin Tailan, ana yawan sayar da ita ganye ɗaya tal a 'yar tukunya. Ganyen yakan yi saiwa ya daɗe yana kore, amma idan ba a yanko shi da gaɓa ba, da wuya ya taɓa yin reshe. Wajen gyaran shukar kuma kada a yanke guntun karan da fure ya taɓa fitowa a kansa, ko da ya yi kama da busasshe, domin a nan fure na gaba zai sake fitowa.

Ganyen da ya ƙone, ya yi tabo ko ya yi rawaya sosai ba zai koma kore ba, don haka ba da shi ake auna ko magani ya ci ba. Sabon ganyen da zai fito ake dubawa. Hoyar da aka yanke wa saiwa aka canza wa ƙasa tana iya yin wata biyu ko uku ba ta fitar da ko ɗaya ba. Mai ita ya bar ta a wuri guda a wannan tsakanin, ya riƙa soka tsinke kafin ya ɗauko buta.